Baffa da Rijiyar da Ya Haƙa

Na Allah muke, kuma wurinsa kowa ya nufa. Baffa, yayan mahaifina, ya riga mu ranar wata Talata da hantsi, aka sallace shi a Masallacin Koudoukou a nan Bangui bayan azahar. Ya haura tamanin. Ciwon ƙirji ne ya kwantar da shi kwana tara. Sana'arsa haƙar rijiya da yasarta, bai taɓa yin wata ba.

Zaman makokin bai cika yadda na dattijo ya kamata ya cika ba. 'Yan kasuwar layinmu sun zo, sun shafa fatiha a tsaitsaye, sun koma shagunansu. Wani mai sarin atamfa ya riƙe hannuna ya ce, "Allah ya gafarta masa, mutum ne mai kafiya," ya dube ni kamar ni yake jira in ƙarasa masa sauran. Wata tsohuwa daga unguwar Yakité kuwa ta zauna a ƙofar sashen mata tana kuka har muryarta ta dishe, tana cewa yanzu wa zai zage ta ya gyara mata rijiya.

Rana ta biyu sai ga mutum uku daga ƙauye, ba Musulmi ba, sun zo a saman motar gawayi ɗauke da buhun gozo, garin rogon da suke ci. Suka tsaya a bakin tabarma ba su san yadda ake yi ba. Da aka ɗaga hannu suka ɗaga, da aka shafa suka shafa, a makare. Wasu samari suka miƙe suka bar wurin, ɗaya har da tofar da yawu. Ban tsawata wa kowa ba, na dai sa an kawo wa baƙin ruwa.

'Ya'yana sun fi jin Sango, yaren ƙasar nan, a kan Hausa, kuma abin da suka sani game da Baffa shi ne tsohon nan mai ihu. Shi ya sa na zauna in rubuta abin da na sani, tun ban manta ba.

Ihun gaskiya ne. Mutumin da ya yi shekara hamsin yana magana daga gindin rijiya ba ya iya raɗa. In ya ce maka ina kwana a zaure, sai maƙwabta su amsa. Duk gidan da ya shiga aka ba shi ruwa, sai ya kurɓa ya juya shi a baki, ya faɗi rijiyar da aka ɗebo shi da shekarar da aka yashe ta, sannan ya faɗi laifin mai gidan. Ruwan leda kuwa ko a biki ba ya sha, wai ba ya shan ruwan da bai san gindinsa ba. Igiyarsa ba ta aro. Ni da nake ɗan ƙaninsa na taɓa ɗauka in ɗaure kaya a babur, wallahi sati biyu bai amsa gaisuwata ba.

Alherinsa ma da faɗa yake zuwa. Rani na kamawa sai ya bi gidajen matan da mazansu suka mutu, ba wanda ya kira shi. Ya leƙa rijiya ya ce, "Kai! Wannan ƙazanta kike ba marayu?" Ya tuɓe riga ya shiga, ya fito da laka da tsofaffin guga da takalman yara, yana mita tun daga ƙasa har sama. In an kawo masa abinci ya ce shi ba yunwa ta kawo shi ba, ya naɗe igiyarsa ya tafi.

Mahaifina, wanda muke kira Baba, ba haka yake ba. Mai sanyin magana ne, yana da shago a wani ƙauye da ke wunin mota daga Bangui, yana sayar da gishiri da sabulu, yana sayen gyaɗa. Lokacin da ƙasa ta yamutse aka shiga farautar Musulmi, ya sa Inna, mahaifiyata, da ƙannena a mota zuwa Kilomita Biyar, unguwarmu ta Musulmi a Bangui, ya ce zai rufe shago ya biyo su gobe. Bai biyo su ba. Wani ya ce ya gan shi a motar masu gudu zuwa Chadi, wani ya ce a sansanin Kamaru, wani ya ce a daina nema a duba rijiyar garin. Na je Kamaru da kaina, ban same shi ba.

Inna ta zauna haka nan, ba matar aure ba, ba mai takaba ba. Liman ya zo har gida ya ce mata shari'a ta ba ta dama ta yi idda ta huta. Ta ce, "Malam, ni ba dama nake nema ba. Mutum ɗaya nake so ya dube ni ya ce ya gani." Da safe in an buga ƙofa ita ke fara tashi.

Shekara biyu bayan haka, mai unguwa ya zo zaurenmu da wani kaftin na sojojin ƙetare, irin waɗanda aka kawo daga wata ƙasa mai nisa suna gyaran hanya da gadoji. Faransancinsa a daddatse, nawa ma ba wani na kirki ba, na mai sayar da kayan babur ne. Ya ce mutanen wani ƙauye sun dawo daga daji, ruwan rafi suke sha, yaransu na ta gudawa. Akwai rijiya babba a garin amma an rufe ta da itace, ba mai yarda ya shiga, kowa ya san akwai mutane a ciki. Suna neman gwani. Da ya faɗi sunan ƙauyen sai na ji ashe ƙauyen Baba ne.

Baffa bai dube ni ba. Ya ce, "Gaba goma sha huɗu ce, akwai dutse a na tara. Ni na haƙa ta. Yaushe za a tafi?"

Kafin la'asar magana ta zaga unguwa. Wani maƙwabci ya tare shi a hanyar masallaci ya ce, "Haba Malam, waɗanda suka kore mu za ka je ka shayar?" Baffa ya ce da ƙarfin nan nasa, "Rijiyata ce." Iyakar bayanin da ya taɓa yi wa wani ke nan. Ni na rufe shago na bi shi, a matsayin mai fassara, amma kowa a gida ya san abin da zan je nema.

Mun tafi a bayan farar motarsu, shi da igiyarsa a cinya. Ƙauyen ya ƙone rabi. Shagon Baba bango uku ne ya rage, ciyawa ta fito a ciki. Sojojin sun riga sun yi wata biyu a wurin, sun saba da mutane, na tarar da wasunsu suna ɗaukar bulo tare da magidanta ana gyara makaranta. Mokonzi, wato mai garin, dattijo ne siriri, ya gane Baffa tun daga nesa, ya cire hula. Baffa ya tambaye shi da Sango su wane ne a cikin rijiyar. Ya ce su duka suna daji a lokacin, waɗanda suka yi abin daga wani wuri suka zo. Baffa bai sake tambaya ba. Ni ban yarda ba, har yau ban yarda ba.

Washegari da safe sojoji suka janye itacen suka kawo injin jan ruwa. Tiyonsu bai kai ba, sai suka ɗaure injin suka zura shi cikin rijiyar yana aiki. Baffa ya bar su har ruwa ya ja baya. Da wani sajan cikinsu ya ɗaura igiya a ƙugu zai leƙa ƙasa, sai Baffa ya daka masa tsawar da ta sa ya ja da baya. Ya kunna fitilar ƙwai ya zura ta a hankali. Ba ta kai gaba biyar ba ta mutu. Ya ce in gaya wa kaftin hayaƙin injinsu ya zauna a ciki, duk wanda ya shiga yanzu zai zama na gaba. Kaftin ya yi ta kallon fitilar, bai yi musu ba. Aka saro ganyen ayaba aka ɗaure, sojoji da 'yan gari suka yi ta zurawa suna jawowa, ana korar iskar, har sai da fitila ta sauka ta dawo tana ci.

Sai rigimar igiya ta taso. A gaban motarsu akwai injin naɗe waya, kaftin ya ce da shi za a saukar da tsoho, ya fi aminci. Baffa ya ce a'a. In yana ƙasa da igiya yake magana: fizga ɗaya a sassauta, biyu a ja guga, uku a fitar da shi maza. Inji ba ya jin fizga. Kuma yadda maigidansa ya koya masa, masu rijiya su ke riƙe igiyar mai yasa, wanda zai sha shi zai riƙe.

Kaftin ya ja ni gefe ya faɗa mini abin da ke ransa ba kwana-kwana. Ya ce ba zai miƙa ran tsoho Musulmi a hannun mutanen garin nan ba, bai san abin da hannuwansu suka yi ba. Na fassara wa Baffa da Hausa, na ƙara da nawa, na ce gaskiya ya faɗa. Baffa ya ce, "To shi ma ya sa hannu mana, wa ya hana shi?"

Haka aka jera, soja ɗaya, ɗan gari ɗaya, mutum goma sha biyu. Ba a riƙe igiya da bindiga a kafaɗa, dole sojojin shida suka jingine nasu a jikin mota, kaftin yana ta cije leɓe. Na je zan tsaya a gaba, inda igiya ke bi ta kan gungume, Baffa ya ce, "Kai hannunka zai yi rawa. Tsaya can ka yi surutunka." Ya nuna mokonzi ya ce shi zai tsaya a gaba. Na dubi hannuwan mutanen nan ɗaya bayan ɗaya a kan igiyar. Na tsane su a ranar, ba zan ɓoye ba.

Da farko jan bai daidaita ba, sojoji na fizga da ƙarfi, 'yan gari na ja a hankali. Baffa ya yi ta zagi daga ƙasa da harshe biyu. Sai mokonzi ya fara ƙirga da Sango, oko, use, ota, a ja a na uku. Kafin azahar sojojin ma da bakinsu suke ƙirgawa. Fassarata ba ta ƙara amfani ba, na koma wajen da ake juye guga.

Laka ta fara fitowa, sai tsummoki, sai ƙashi. Sojoji suka shimfiɗa fararen zannuwa, ana wankewa ana jerawa. Kawuna uku. Ba takarda, ba zobe, ba abin da za a ce na wane ne. Amma ni da Baffa mun san abin da muke dubawa. Baba ya taɓa karya ƙwaurin hagu yana saurayi, Baffa ne ya goya shi zuwa wurin mai ɗori, ƙashin ya haɗe da ƙullutu wanda ko ta kan fata ana ji. Mutum uku ƙwauri shida ke nan. Biyar suka fito, duka lafiyayyu.

Baffa ya ƙi fitowa. Ya yi ta turo laka guga bayan guga, ruwa na taruwa ya kai masa gwiwa, ya kai cinya. Kaftin ya ce a jawo shi, mokonzi ya ce bai fizga uku ba. Sai da la'asar ta yi sosai ya fizga. Ya fito jikinsa na ɓari, tafin hannunsa duk ya tsattsage. Na shidan bai fito ba.

Mutanen garin suka haƙa kabari ɗaya mai faɗi, Baffa ya nuna musu alƙibla. Ni da shi da sojoji biyu da suke Musulmi muka yi salla, sauran suna tsaye a baya. Kaftin ya zo da takardarsa ya tambaya ko mun gane wani a cikinsu, zai rubuta. Baffa ya ce a rubuta ba a gane ba. Kwana uku aka yi ana kwarfe rijiyar ana zuba mata magani, sannan Baffa ya ja guga ya sha a gaban kowa, ya ce da sauran warin magani amma ruwansa ne.

A hanyar dawowa na roƙe shi. Na ce, "Baffa, ka ce shi ne. Ƙashin da ya ɓata nasa ne, kowa zai yarda. Ka sauke wa Inna wannan abu. Wa zai sani?"

Ya ce, "Ni."

Na ce masa ba shi da tausayi. Na faɗi abin da ya fi haka ma, sojojin da ke motar ba su jin Hausa amma suka kawar da kai.

Inna na tsaye a tsakar gida da muka shiga, ko ruwa ba ta bari an kawo ba. Ta ce, "Yaya, me ka gani?"

Ya ce, "Mutum uku na fitar. Ban gane ko ɗaya ba."

"Yana ciki ko ba ya ciki?"

"Ban sani ba."

Ta ce, "Uwarku ɗaya ubanku ɗaya, ka shiga har inda yake, ka dawo ka ce mini ba ka sani ba?"

Ya ce, "Abin da na gani na faɗa miki. Wanda ban gani ba ba zan faɗa ba, ko da za ki tsine mini."

Ba ta tsine masa ba. Ta shiga ɗaki, kuma daga ranar ba ta ƙara gaishe shi ba, alhali katanga ɗaya ce tsakanin sashenmu da nasa. Ko da salla abincinta na zuwa masa, ita ba ta zuwa.

Da rani ya zagayo sai ya ɗauki igiyarsa ya koma ƙauyen. An canja sojojin farko an kawo wasu, su ma suka ɗauke shi a motarsu, suka shiga layin igiya kamar na baya, don mokonzi ya gaya musu haka ake yi. Bayan an janye su daga yankin ya ci gaba da zuwa a motar kaya. Rijiya ba ta buƙatar yasa duk shekara, shi da bakinsa ya sha faɗa wa mutane haka, amma waccan duk shekara yake yashe ta. Da ƙarfinsa ya ƙare ya koya wa magidanta biyu na garin, su shiga, shi ya zauna a baki. Na raka shi sau uku. Duk gugan lakar da aka juye sai ya bi ta da yatsu, a hankali, kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa.

Mutanen ƙauyen sun ɗauka ƙaunarsu ce ke kawo shi, suna ce masa baba. A nan unguwa aka ce ya zama bawan waɗanda suka kashe ɗan'uwansa, wasu suka daina kiransa aiki. Bai gyara wa kowa fahimta ba. In ya dawo ya ajiye igiya, ya ɗaga murya ta kan katanga kamar da ni yake, ya ce, "Bana ma babu." Inna tana ji daga ɗakinta.

A ciwonsa na ƙarshe na nemi gafararsa kan maganar da na faɗa a mota. Ya ce bai ma tuna ba, in ba shi ruwa. Na ba shi, ya kurɓa ya ce rijiyar gidanmu ta isa yasa, ni malalaci ne. Ita ce magana ta ƙarshe mai tsawo da muka yi.

Washegarin sadakar bakwai na shiga gaishe da Inna da safe. Na same ta zaune a tabarma, ƙanwata na tsefe mata kitso. 'Yan kunnenta da awarwaronta suna cikin wata 'yar tasa a gefe, ta ɗaura wani tsohon zane mara ado. Na ce, "Inna, me ke nan? Ai takabar Baffa ba ta hau kanki ba."

Ta ce, "Na sani, ni yarinya ce? Ta ubanka ce."

Na ce, "Yau? Bayan duk shekarun nan?"

Ta ce, "Duk rani ina jin fitarsa. Ba na gaishe shi, amma kwanakin tafiyarsa a hannuna suke har ya dawo. Da ya yi mini ƙarya tun farko da na gane, kuma da babu wanda zai ƙara komawa. Yanzu babu mai fita." Ta gyara zama don ƙanwata ta kai ga ƙeya. "Je ka gaya wa liman na fara ƙirga daga yau."

Na same shi a shirayin masallaci na faɗa masa. Ya ɗaga hannu. Ya roƙa wa Baffa gafara da sanyin kabari, ya ce Allah ya shayar da shi kamar yadda ya shayar da mutane. Sai ya ambaci sunan Baba ya ce Allah ya jiƙansa. Ban taɓa jin an faɗi haka a kansa ba, kuma na daɗe kafin bakina ya iya cewa amin.